2.3 Ƙungiya Da Samuwar Sana'ar Ɗakin Gwaji A Nijeriya

Kamar yadda aka nuna a sashen da ya gabata, a zamanin mulkin mallaka ɗan ƙasa da ke aiki a ɗakin gwaji na asibiti mataimaki ne kawai. Shi ke wanke kwalabe, ya shafa jini a gilashi, ya rina shi, sannan ya miƙa wa likita Bature ya duba da madubin ganin ƙwayoyin cuta. A hannu yake koyon aikin, kuma ba shi da takardar shaida da za ta ɗaga masa matsayi ko albashi.

Wanda ya nemi irin wannan takarda sai ya dogara da Ingila. A can ne tun shekarar 1912 mataimakan ɗakunan gwaji suka kafa ƙungiyarsu, wadda daga baya ta zama cibiya mai shirya jarrabawa. Wannan jarrabawa 'yan Nijeriya suka riƙa zaunawa har bayan samun 'yancin kai a 1960. Ke nan ƙasa ta sami mulkin kanta, amma wata ƙasa ce ke yanke hukuncin wanda ya cancanci auna jinin 'ya'yanta.

A shekarar 1964 ma'aikatan suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda a yau ake kira AMLSN. Shekara huɗu bayan haka gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da Doka ta 56 ta 1968, wadda ta kafa cibiyar da za ta horar da ma'aikatan, ta yi musu jarrabawa, ta kuma yi musu rajista a cikin gida. Abin lura shi ne an yi wannan doka ana tsakiyar yaƙin basasa, lokacin da buƙatar ƙarin jini ga waɗanda suka ji rauni ta fito da darajar aikin fili.

A ra'ayin wannan bincike, dokar 1968 ta fi kowane mataki muhimmanci, domin ita ce ta ba matashi hanyar da zai bi daga ɗalibta zuwa babban muƙami ba tare da ya tsallaka teku ba. Sai dai ba ta raba shi da sunan mai aikin hannu ba. Wannan ne ya sa ƙungiyar ta ci gaba da fafutukar a mayar da karatun jami'a. Daga ƙarshe aka sami digiri na shekara biyar, sannan Doka ta 11 ta 2003 ta soke ta 1968, ta kafa majalisar da ke kula da sana'ar da kuma bincikar ɗakunan gwaji na gwamnati da masu zaman kansu.

Dokar 2003 ta kuma ƙara zafin wata tsohuwar taƙaddama, wato wanda ya kamata ya shugabanci ɗakin gwaji a asibitocin koyarwa tsakanin masanin gwaji da likitan nazarin cututtuka. Maganar ta kai ɓangarorin biyu gaban kotu, kuma ita za a duba a babi na uku.