Kashin Maƙera na Masana'antar Ƙarfe a Shimfiɗar Hanya: Gwaje-gwajen da Suka Wajaba a Batsari da Safana

Tsakure

Maƙalar ta duba yiwuwar amfani da kashin maƙera na masana'antar ƙarfe a madadin tsakuwa da marmara wajen gina hanyoyin karkara a ƙananan hukumomin Batsari da Safana. Matsayarta ita ce gwajin ƙarfi shi kaɗai bai isa hujja ba. Kumburi da abin da ruwa ke wankowa daga kashin su ne ya kamata su yanke hukunci.

Gabatarwa

Yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan bakin Dajin Rugu da kasuwannin Batsari, Runka da Safana na burji ne. Damina tana wanke su, manyan motocin hatsi da itace su ƙarasa abin da ya rage. Marmarar da ake haƙowa a kusa takan zo da laka mai yawa, ga ramukan da ake bari a gonaki. A ɗaya gefen kuma, narka ƙarfe yana barin tarin kashi. An buɗe masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina a 1982, kusan lokaci ɗaya da takwarorinta na Jos da Osogbo, daga baya kamfanin Dana ya saye ta. Sai dai mulmula kaɗai ba ta haifar da kashi. Tanderun narkewa ne ke fitar da shi. Don haka tambaya ta farko ga mai bincike ita ce: daga wane tanderu samfurin ya fito? Kashin tanderun da ake zuba wa farar ƙasa da yawa ya sha bamban da na ƙaramin tanderun lantarki mai narka tsofaffin ƙarafa, wanda sinadarin silika ya fi yawa a cikinsa.

Gwajin ƙarfi

A nan kashin ƙarfe bai cika ba da kunya ba. Yana da kaifin gefe, yana cije juna idan an daddage shi. Ƙa'idojin hanyoyi da gadoji na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya na 1997 sun nemi ƙimar CBR, wato ma'aunin ƙarfin ɗaukar nauyi, ta kai kashi 30 cikin ɗari ga shimfiɗar ƙasa bayan an jiƙa samfuri, da kashi 80 ga shimfiɗar sama. A haɗa da tankaɗe don sanin girman ƙwayoyi, da gwajin gogayya na Los Angeles.

Kumburi

Matsalar tana nan. Farar ƙasar da ba ta narke cikin kashin ba, idan ta sha ruwa, girmanta yakan kusan ninkawa. Sinadarin magnesiya ma haka yake yi, amma a hankali, har shekaru. Hanya takan yi kyau ranar buɗewa, bayan damina biyu ko uku kwalta ta tsattsage, ta yi tudu-tudu. Ma'aunin ASTM D4792 ya tanadi a daddage samfuri a nutsar da shi cikin ruwa mai zafin kusan digiri 70 na tsawon kwana bakwai, ana auna tashinsa kullum. ASTM D2940 kuma bai yarda ya wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Maganin da aka saba a ƙasashen Turai shi ne a baje kashin a fili ya sha ruwa da iska na watanni. A ganina wannan ne wurin da kwaikwayon ƙasashen Turai zai cutar da mu. A yammacin Katsina ruwan sama na kusan wata huɗu ne. Kashin da aka tara daga Nuwamba zuwa Afrilu ya yi wata shida a takarda, alhali ko ɗigo bai sha ba. Ya kamata a ƙirga tsufansa da damina, ko kuma a riƙa yayyafa masa ruwa, a sake gwaji kafin a ɗora shi a mota.

Ruwan sha da nauyi

Ruwan da ya ratsa kashin ƙarfe yakan yi kanwa sosai, yana iya ɗauko kuromiyom da banadiyom. Mutanen yankin da dabbobinsu sun dogara da rijiyoyi marasa zurfi da tafkuna, kuma fadamu suna dab da hanya. Gwajin wankowa wajibi ne, kuma kada a shimfiɗa kashin kusa da rijiya ko bakin kwalbati.

Sai nauyi. Kashin ya ninka nauyin ruwa sau 3.2 zuwa 3.6, dutsen da ake fasawa kuwa kusan 2.7. Tifa ɗaya za ta rufe ƙasa da tazarar da tsakuwa ke rufewa, a yankin da duwatsu suke a bayan gari. Saboda haka ya fi dacewa a fara da cakuɗa kashin da marmarar wurin a ma'auni daban-daban, a gwada su a ɗakin gwaji na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman ko na Jami'ar Ahmadu Bello, sannan a shimfiɗa ɗan gajeren yanki a sa masa ido na damina biyu.