Gida, Harshe da Makin Shiga Jami'a: Waiwaye daga Pataskum

Tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978 ake tafka muhawara a kan ratar maki tsakanin sassan Nijeriya. Akan jingina ratar ga ƙabila, amma tarihin Pataskum bai goyi bayan wannan fassara ba.

Pataskum gari ne na Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani da Hausawa, wanda fadar Fika ta koma cikinsa a 1924. Fatauci, musamman na shanu, shi ya zaunar da Hausawa a garin, kuma harshensu ya zama na kasuwa. Saboda haka ɗan Hausawan garin kan riski Ingilishi a matsayin harshe na biyu, yayin da ɗan ƙauyen Karekare kan same shi na uku. Duk da haka takarda ɗaya ake miƙa musu, kuma Ingilishi tilas ne a cikinta.

A fahimtarmu, gida ya fi ƙabila tasiri. Gidan da uba ya yi aikin En'e ko koyarwa ya daɗe da sanin littafin boko. Gidan fatake kuwa, inda allo da lissafin kasuwa suka wadatar, sau da yawa sai da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya sa ɗansa a aji. Tazarar zuriya guda kenan, kuma ba a cike ta da darasin share fage na wata uku.

Gwamnati ta nemi magani ta hanyar kaso: 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga yankin jami'a, 20 ga jihohin da ke baya a ilimi, har da Yobe da aka ƙirƙira a 1991. Sai dai jiha kason yake gani. Ɗan babban sakatare da ɗan dillalin awaki duk 'yan Yobe ne a takarda.

Daga baya wasu nauye-nauyen suka ƙaru: hare-haren makarantu a Mamudo a 2013 da Pataskum a 2014, sannan mayar da jarrabawar kacokan kan kwamfuta a 2015. A 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta soke koyarwa da harshen uwa, tana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a irin waɗannan jarrabawa. Kafin masu tsara manhaja su karɓi hujjar, ya kamata a fara tantance azuzuwa nawa ne a Pataskum aka taɓa koyar da lissafi da littafin Hausa a hannun kowane yaro.