Kaziye da Takardar Hali: Sunayen Tabo a Bakin Iyakar Illela

Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, kuma wanda ya ci kasuwar Illela ran Lahadi shi za ka gani a ta Ƙonni ran Laraba. Amma a nemi mutum ya kawo takardar da ke nuna kotu ba ta taɓa ɗaure shi ba, nan take iyakar ke bayyana. Mutumin Ƙonni zai ce kaziye. Na Illela zai ce takardar 'yan sanda, ma'aikaci ko ɗan jarida kuma ya ce takardar shaidar kyakkyawan hali.

Kaziye daga Faransanci ta fito, kuma asalin ma'anarta kanta ce ta katako mai ramuka-ramuka, irin wadda ake jera takardu a ciki. Wani alƙalin Faransa, Bonneville de Marsangy, ya kawo shawarar a 1848, gwamnati ta ɗauka a 1850: duk inda aka yanke wa mutum hukunci, a aika da katinsa kotun garin da aka haife shi, domin mutum yana sauya mazauni amma ba ya sauya mahaifa. Nijar ta gaji tsarin. Wanda aka haifa a yankin Ƙonni, ko a Yamai ya yi laifi ko a Agadas, katinsa gida zai dawo. Takardar hawa uku ce. Ta farko ta alƙalai ce, tana ɗauke da komai. Ta biyu wasu ma'aikatun gwamnati ake ba. Ta uku ita ce mutum ke karɓa da hannunsa wajen magatakardan kotu in zai shiga jarrabawar ɗaukar aiki ko zai tsaya takara, kuma ba a karɓar wadda ta wuce wata uku. Abin da nake yabawa a sunan nan shi ne bai yi alkawarin da ba zai cika ba. Akwati ne aka buɗe, aka faɗi abin da ke ciki ko aka ce babu komai.

Tamu ta Najeriya kuwa hali take ambata. Mai neman aikin tuƙi a ƙasashen Larabawa ko bizar karatu, shi ne yawanci ke fara jin labarinta. Zai cika bayanansa a shafin POSSAP na 'yan sanda, ya biya kuɗi, a ɗauki hotonsa, a dangwala yatsunsa goma ɗaya bayan ɗaya, da tawada ko a kan na'ura. Sai a gwada zanen da abin da ke ajiye a babbar rajistar masu laifi, wadda tun da daɗewa mazauninta ke Alagbon, a Ikoyi ta Legas, sama da kilomita 1,000 daga Sakkwato. In ba a samu wanda ya dace ba, a buga masa takarda.

To, wannan ba shaidar hali ba ce. Bahaushe da ya ce hali zanen dutse, ba abin da na'ura ke ganowa yake nufi ba. Halin mutum sai maƙwabcinsa, sai wanda ya ba shi ajiya, sai dillalin da ya tsaya masa a kara aka ba shi bijimi bashi har kasuwa ta zagayo. Iyakar abin da takardar ke cewa shi ne ba a ga yatsan wane a rajista ba. Ko wannan ma ya dogara da ko labarin ya isa can. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 16, ta ce 'yan sandan kowace jiha su tabbatar an aika da hukuncin kotu zuwa babbar rajista cikin kwana 30. Duk hukuncin da ya kwanta a kundin wata ƙaramar kotu bai tafi ba, mai shi zai fito fes a takarda. Wanda kuma ya taɓa yin wata shida a kan faɗan ƙuruciya, aka yi dace katinsa ya isa, sunan takardar kaɗai ya isa ya mai da shi marar hali har tsufansa.

Sai dai galibin mutanen Illela, Araba ko Kalmalo ba za su taɓa neman wannan takarda ba. Rajistar da ke bin su a bakin mutane take, kuma ita ce ake buɗewa ran da aka fita binciken aure. A nan ne kalmomi ke yin ɓarna. An kama shi, an tsare shi, an ɗaure shi: abubuwa uku ne daban, amma kafin labari ya zagaya unguwa sun zama ɗaya, wai ai ya taɓa zuwa gidan yari. Kamu na 'yan sanda ne, yana iya ƙarewa a daren. Tsarewa jiran shari'a ce, kuma kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Ɗauri kaɗai ne hukunci. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, amma kowa a cikinsu in ya fito sai a kira shi tsohon fursuna.

Iyayenmu suna da kalmar da ta raba wannan. Wakafi suke cewa, wato ajiye mutum kafin alƙali ya yanke, kuma gidan wakafi daban yake a tunaninsu da ɗaurin hukunci. Yanzu da wuya ka ji yaro ya faɗe ta. Sunan gidan ma kowa da nasa. Gidan yari ya samo suna daga Yari, mai sarautar tsaron ɗaurarru a zamanin sarakuna. A Ƙonni gidan kaso ne, daga kalmar Faransanci ta ɗakin duhu. Tun da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a 2019, rediyo ke cewa gidan gyaran hali. Ga halin nan ya sake dawowa.

Wajen fita ma haka. Sallama daban, wankewa daban. Alƙali yana iya sallamar mutum don mai gabatar da ƙara bai kawo shaidu ba, ko an rasa fayil, kuma gobe ana iya sake gurfanar da shi a kan maganar. Wanda aka wanke kuwa, an ji shari'arsa ne aka ce ba shi da laifi, kuma ba a sake tuhumarsa da wannan laifin. Masu fassara labarai da ke cewa kotu ta sallame shi ta kuma wanke shi, ba yawan magana suke yi ba, kowace kalma da aikinta. Duk wanda aka wanke, kada ya bar harabar kotu a kan maganar baki. Ya je wurin rajistara ya nemi kwafin hukuncin mai hatimi, ya adana shi inda yake adana takardar gona.

Kalmar da ta fi kowace ɗaukar kaya ita ce afuwa, ko ahuwa a bakin Basakkwace. Sashe na 175 ya ba shugaban ƙasa iko, na 212 ya ba gwamna, kuma abin da ke cikinsu huɗu ne: yafe laifin, jinkirta hukunci, sauya shi da mai sauƙi, ko rage abin da ya saura. Mu duka afuwa muke ce musu. Har wanda wani mai hali ya biya wa tara da azumi aka sake shi, sai a ce an yi masa afuwa, alhali hukuncinsa na nan a rubuce. Yafe laifin ne kawai ke ɗauke tabo. An gwada wannan a 1999, lokacin da Olu Falae ya ƙalubalanci zaɓen Olusegun Obasanjo, wanda kotun soja ta ɗaure a 1995, Janar Abdulsalami Abubakar ya sake shi ya kuma yafe masa a 1998. Ɓangaren Falae ya ce afuwa aka yi masa, ba cikakkiyar afuwa ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce babu bambanci, afuwa tana mayar da mutum kamar bai taɓa yin laifin ba. A kan kalma ɗaya aka yi gardamar kujerar shugaban ƙasa.

Irin wannan afuwa ta isa ga Shehu Musa 'Yar'aduwa bayan rasuwarsa a kurkukun Abakaliki a 1997, ta isa ga tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame a 2022. Yaron da aka ɗaure a kan jarkar fetur a hanyar Araba ba shi da mai kai sunansa gaban majalisar da ke ba da shawarar afuwa. Kuma Najeriya ba ta da dokar gama-gari da ke cewa bayan shekara kaza na zaman lafiya ƙaramin laifi ya faɗi da kansa. Ingila ta yi irinta a 1974, jihar Pennsylvania ta Amurka ta yi a 2018. Ba sai an je nesa ba ma: dokar Nijar ta tanadi maido da martaba, ko dai da wucewar lokaci ba tare da sabon laifi ba, ko da roƙo gaban kotu, sai hukuncin ya daina fitowa a kaziyen da mutum ke riƙewa. Shi ya sa ba mu da sunan abin a wannan gefen, don ba mu da abin.

Amma tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san babin shaida: wanda aka yi wa haddi ba a karɓar shaidarsa, in ya tuba kuwa ana karɓa, sai dai a kan irin laifin da aka hukunta shi. Ya san tazkiyya, inda adalai biyu da suka san mutum za su tsaya gaban alƙali su ce amintacce ne. Wannan ita ce shaidar hali ta gaskiya, kuma ƙofar komowa a buɗe take a cikinta.

Dokar 2019 ta matso kusa da haka. Sashe na 14 ya tanadi takardar kyakkyawan hali ga ɗaurarren da ya nuna gyaruwa, ya kuma hana a nuna wa mai riƙe da ita bambanci saboda zaman da ya yi. Ina ganin in za ta yi aiki a gari irin Illela, bai kamata a miƙa wa mutum ita a bakin ƙofa shi kaɗai ba. A aika da kwafi ga hakimi da limamin unguwarsa, domin su ne ake zuwa tambaya in ya nemi aure ko rumfa a kasuwa.