Shaida da Zato a Shari'ar Fyaɗe a Ƙasar Haɗejiya

A zamanin da, in aka yi wa yarinya fyaɗe a wani ƙauye na gundumar Kirikasamma, ko a fadama ko a hanyar rafi, sai ubanta ya kai kuka wurin Dagaci. Dagaci ya tura shi wurin Hakimi, Hakimi kuma ya haɗa shi da yaronsa zuwa gaban Alƙali. In magana ta yi nauyi, sai a kai ta Haɗejiya, Majalisar Sarki.

Alƙalan nan da littattafan Malikiyya su ke hukunci, watau Risala da Muhtasar da Tuhfa. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya kawo ƙara shi zai kawo shaida. Ba a kama mutum da zato, gama Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Haddin zina kuwa ba ya tabbata a kan namiji sai da shaidu huɗu adalai waɗanda su ka gani da idonsu, ko kuwa shi ya amsa da bakinsa. In laifin ya tabbata, bayan haddi sai ya biya ta sadakin irinta.

Wannan ƙa'ida ta tsare mutuncin bayin Allah da yawa daga ƙazafi. Amma fa mai fyaɗe ba ya gayyar shaidu. Malamai sun san haka, shi ya sa su ka ce a duba alamu, kamar a ga yarinya ta fito da ihu, ko da jini a jikinta. Wadda tsoro ko kunya ya sa ta yi shiru har ciki ya bayyana, ita ke shiga uku, gama cikin na iya zama shaida a kanta, shi kuwa ya musa ya tafi abinsa.

Da Turawa su ka ci Haɗejiya a 1906, sun bar alƙalai bisa shimfiɗunsu, sai dai sun hana jifa da yanke hannu. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira waɗansu masana shari'a, shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, tare da Shettima Kashim, Wazirin Borno, da waɗansu. Bisa shawararsu a ka tsara dokar Final Kot, wadda ta fara aiki ran 30 ga Satumba 1960. Sashe na 282 ya bayyana fyaɗe, ya raba shi da zina. Daga nan neman shaida ya tashi daga wuyan yarinya da ubanta, ya koma wuyan hukuma. 'Yan Doka na En'e su ke bincike su gabatar da ƙara, har lokacin da mulkin soja ya haɗe su da 'Yan Sandan Nijeriya. A 1968 kuma kotunan alƙalai su ka koma hannun Gwamnati.

Sai wata wahala ta ɓullo. Tun da shaida duka ta taru a hannun 'yan sanda, watau maganar shaidu da takardar likita, yaya talakan da a ke tuhuma zai kare kansa in bai ga abin da a ka rubuta a kansa ba? Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda a ke tuhuma marar laifi ne sai kotu ta tabbatar da laifinsa, kuma a ba shi lokaci da abin da zai shirya kariyarsa. A 2015, cikin shari'ar Okoye, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan hakki ya haɗa da ba shi kofen bayanan shaidu da 'yan sanda su ka rubuta.

Ɗaya gefen ma bai huta ba. A 2000, a Tsafe ta ƙasar Zamfara, wata yarinya, Bariya Ibrahim Magazu, ta ce maza uku ne su ka tilasta ta. Su ka musa, ba a sami shaidu ba, a ka sallame su. Ita kuwa a ka yi mata bulala ɗari a Janairu 2001. Mazan sun ci amfanin ƙa'idar nan, ita ba ta ci ba.

To, mai karatu, ka ga ma'auni mai kwano biyu ne. Abin da ke daidaita shi kuwa shi ne shaida ta gaskiya, wadda a ka samo da wuri, a ka baje ta a gaban kowa. In masifar nan ta auku a gidanka, kada kunya ta sa ka rufe. A kai yarinya asibiti ran nan, kafin ta yi wanka, a ajiye tufafinta, a sanar da 'yan sanda. In kuwa ɗanka a ke tuhuma, kana da iko ka roƙi kotu ta sa a nuna masa abin da a ka rubuta. Jama'ar gari kuma kada su yanke hukunci a bakin kasuwa tun Alƙali bai zauna ba.

Allah ya tsare mu da zalunci, ya ba mahukuntanmu ikon yin adalci, amin.