Shimfiɗa kwalta a hanyar shiga gida ko ma'aikata: gyaran ƙasa da ƙiyasin kuɗi

Idan kana da niyyar zuba kwalta, wato gudron, tun daga bakin titi zuwa ƙofar gida, asibiti, makaranta ko rumbun ƙungiya, ka sani cewa baƙin da ido ke gani kaurinsa bai wuce santimita 4 ko 5 ba. Nauyin mota ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ke ɗauka, kuma a can ne yawancin hanyoyi suke fara lalacewa.

Kafin ka kira ɗan kwangila, ka tsaya a wurin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda yake fitowa, inda yake bi da inda yake kwanciya. Damina a kudancin Nijar gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwanta kan sauka da yawa a lokaci ɗaya, kamar yadda ambaliyar 2024 ta nuna a Maraɗi da Damagaram. Ruwan da ya shiga ƙarƙashin kwalta yana tausasa ƙasa, taya ta danna, kwalta ta tsage, rami ya buɗe. Saboda haka a ba hanyar gangare na santimita 2 zuwa 3 a kowane mita ɗaya na faɗinta, ruwa ya zube gefe cikin magudana, ba cikin zaurenka ko gidan maƙwabci ba. Ka nemi izinin ma'aikatar magajin gari idan aikin zai taɓa bakin titi, ka kuma binciki inda bututun ruwa da wayoyin NIGELEC suke. Duk abin da za a binne, a binne shi yanzu.

Sai nau'in ƙasa. Rairayin tudu yana tsotse ruwa da sauri, amma ba ya riƙe kansa, sai an tare shi da dakali a gefe biyu. Laka irin ta fadama, kamar ta bakin Gulbin Maraɗi, ta fi wuyar sha'ani, domin tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani. A irin wannan wuri, ko inda aka taɓa cike rami da shara, kuɗin gwajin ƙasa ba asara ba ne.

Za a kwashe ƙasar sama mai saiwoyi da taki, a daddaɓe abin da ya rage, sannan a zuba jar ƙasa mai tsakuwa, wadda ake kira latirit, kaurin santimita 15 zuwa 20 bayan daɓe. Idan manyan motoci za su riƙa shiga, a ƙara. A yayyafa ruwa daidai gwargwado, ta yadda ƙasar za ta dunƙule a hannu ba tare da ta yi caɓi ba, injin daɓe ya bi ta sau da yawa. Ka tsaya da kanka a ranar. Wannan aiki ne da ake yawan ha'inci a cikinsa, tun da kwalta za ta rufe shi. Bayan nan ake fesa ruwan kwalta na farko, a bari ya shiga ƙasa.

Rufin sama iri biyu ne. Akwai feshin kwalta da watsa tsakuwa har sau biyu, wanda ya fi araha kuma ya isa ƙananan motoci. Akwai kuma haɗaɗɗiyar kwalta da ake dafawa tare da tsakuwa a masana'anta, a shimfiɗa ta da zafinta. Ta fi kyau da ƙarko, sai dai dole a daɓe ta kafin ta huce, don haka nisan masana'antar yana cikin lissafi.

Ga misalin ƙiyasi. Hanya mai tsawon mita 30 da faɗin mita 4 tana da murabba'in mita 120. Latirit na santimita 20 zai ci mita kubik 24 bayan daɓe, amma ka sayi kusan 30, domin daɓe yana rage ta. Haɗaɗɗiyar kwalta ta santimita 5 mita kubik 6 ce, wato wajen tan 14, tun da kowane mita kubik ya kai kusan tan 2.4. Ka ninka kowane adadi da farashin ranar a garinku, ka haɗa kuɗin haƙa, kwashe ƙasa, ruwa, dakali, magudana da ladan ma'aikata, ka ware kashi 10 cikin 100 saboda abin da ba a zata ba. Ka tambaya ko harajin TVA na kashi 19 yana ciki.

Abin da kan ba mutane mamaki shi ne kuɗin kawo injuna: kusan ɗaya ne ko aikin mita 30 ne ko na 300. Shi ya sa ya fi sauƙi ku haɗu da maƙwabta, ko ka jira lokacin da wani kamfani yake aikin titi kusa da ku. Kwaltar kanta daga ƙasashen waje take zuwa, farashinta na bin na sufuri, don haka takardar ƙiyasi ta ɗauki kwanan wata da wa'adi. Ka karɓi uku daga ƴan kwangila dabam-dabam, kowace da kaurin kowane shimfiɗi a rubuce, kada ka biya cikon kuɗi sai ka auna. Idan hanyar gajera ce ƙwarai, ka kwatanta da bulon siminti na daɓe, wato pabe, wanda magina na gari suke iya jerawa da hannu, a kuma ɗaga shi a mayar idan bututu ya fashe.