Majami'ar Lutheran a Numan: Tsarin sujada, waƙoƙi da zaman jama'a

Ikilisiyar Lutheran ta Kristi a Najeriya, wadda aka fi sani da LCCN, tana cikin tsofaffin majami'un Arewa maso Gabas. Hedikwatarta tana Numan a Jihar Adamawa, inda kogin Gongola yake haɗuwa da Binuwai, kuma alƙaluman Tarayyar Majami'un Lutheran ta Duniya sun nuna mabiyanta sun haura miliyan biyu. Wanda ya halarci sujadarta ta Lahadi, a babbar majami'ar St. John da ke Numan ko a wani ƙauye na ƙasar Bachama, abin da zai fara lura da shi shi ne yawan waƙa. Wannan ɗabi'a tana da tushe a koyarwar ɗarikar, kuma ƙungiyoyin da ke rera waƙoƙin su ne suke ɗauke da yawancin hidimomin taimakon juna a cikin jama'a.

Asalin ɗarikar

Sunan Lutheran ya fito daga Martin Luther, malamin addinin Kirista ɗan ƙasar Jamus, wanda a shekarar 1517 ya fitar da batutuwa 95 a birnin Wittenberg yana ƙalubalantar wasu ayyukan cocin zamaninsa. Ginshiƙin koyarwarsa shi ne cewa mutum yana samun ceto ta alherin Allah ta wurin bangaskiya, kuma Littafi Mai Tsarki shi ne ma'aunin kowace koyarwa. Daga nan ya ga ya wajaba talaka ya ji Maganar Allah da harshensa. Ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, aka kammala dukan Littafin a 1534.

Haka ya yi da waƙa. A zamaninsa limamai da mawaƙan da aka horar su ne suke rera yawancin waƙoƙin sujada da harshen Latin, sauran jama'a suna sauraro. Luther, wanda shi kansa makaɗi ne, ya rubuta waƙoƙi da Jamusanci domin kowa ya sa baki. Littattafan waƙoƙin ɗarikar na farko sun fito a 1524, kuma waƙarsa da ta fi shahara ya gina ta ne a kan Zabura ta 46. A cikin wannan al'ada ce Johann Sebastian Bach ya taso, wanda ya shugabanci mawaƙan majami'ar St. Thomas a Leipzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750.

Zuwanta Numan

Ɗarikar ta iso ƙasar Bachama a 1913 ta hannun Dokta Niels Bronnum, likita daga Danmak, a ƙarƙashin reshen ƙasarsa na ƙungiyar mishan ta Sudan United Mission. Kalmar Sudan a sunan ƙungiyar tana nufin faffaɗan yankin da ke iyaka da Sahara ta kudu, wanda Arewacin Najeriya yake cikinsa. Matarsa Margaret ta rasu a kan hanya kafin su kai Numan, amma ya ci gaba da tafiya, ya fara aiki da jinyar marasa lafiya da koyon harshen Bachama. An yi baftisma ta farko a 1916.

Daga Numan aikin ya bazu zuwa ƙasashen Longuda, Mbula, Yungur, Kanakuru, Kilba da Chamba. An naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko su biyar a 1948. A 1960 aka zaɓi Akila Todi shugaban ikilisiyar, ɗan Najeriya na farko a wannan kujera, daga baya ya zama bishop a 1973. Bayansa David Windibiziri, Nemuel Babba da Musa Panti Filibus suka biyo. A 2017, a birnin Windhoek na Namibiya, aka zaɓi Filibus shugaban Tarayyar Majami'un Lutheran ta Duniya, ya riƙe muƙamin har 2023, lokacin da wani bishop daga Danmak, Henrik Stubkjær, ya gaje shi.

LCCN tana cikin Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Najeriya, wato TEKAN. Akwai kuma wata majami'ar Lutheran dabam a Jihar Akwa Ibom, wadda ta samo asali daga mishan na Amurka a 1936, kuma shugabancinta dabam ne.

Yadda sujadar Lahadi take gudana

Sujadar Lutheran tana bin tsari rubutacce, fasto yana faɗa jama'a suna amsawa. Galibi akan fara da waƙar shigowa, sannan furta zunubi da shelar gafara. Daga nan a karanta nassoshin ranar daga Tsohon Alkawari, wasiƙun manzanni da Bishara. Ba fasto ne yake zaɓen nassoshin yadda ya ga dama ba. Akwai jadawali na shekara da ake bi. Sai wa'azi, Shaidar Bangaskiya, addu'o'in jama'a, baiko da sanarwa, a rufe da Addu'ar Ubangiji da sa albarka.

Ɗarikar ta amince da farillai biyu, baftisma da Jibin Ubangiji. Tana yi wa jarirai baftisma, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka bambanta ta da wasu majami'un Arewa da ke jira sai mutum ya girma. Idan yaron ya tasa, yakan shiga ajin tabbatarwa, inda ake koya masa Ƙaramar Katekisma da Luther ya rubuta a 1529. Littafin yana bayanin Dokoki Goma, Shaidar Bangaskiya, Addu'ar Ubangiji, baftisma da Jibin Ubangiji ta hanyar tambaya da amsa. Luther ya tsara shi ne domin magidanci ya koyar da iyalinsa a gida.

Shekarar majami'a tana farawa makonni huɗu kafin Kirsimeti, ta bi ta kwanaki arba'in na azumi, Ista da Fentikos. A al'adar Lutheran launin mayafin bagadi yana sauyawa da lokaci: shunayya a kwanakin jira da tuba, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Fentikos, kore a sauran makonni. Ranar 31 ga Oktoba ake tunawa da gyaran da Luther ya fara.

A ƙauyuka da yawa fasto ɗaya yana kula da majami'u da dama, don haka mai bishara ko malamin katekisma ne yake jagorantar sujada a yawancin Lahadi, sai faston ya zagayo a yi baftisma da Jibin Ubangiji. Ana horar da fastoci a makarantar tauhidi ta Bronnum da ke Mbamba kusa da Yola, kuma tun cikin shekarun 1990 ikilisiyar take naɗa mata fastoci.

Waƙa iri uku a sujada ɗaya

Iri na farko shi ne waƙoƙin littafi. Waɗannan fassara ce ta waƙoƙin Turai da Amurka, kuma Littafin Waƙoƙi na Hausa, wanda majami'un Arewa da dama suke tarayya a kansa, shi ne taskarsu. Dukan jama'a ne suke rera su. Ƙungiyar mawaƙa kuma tana koyon su da muryoyi huɗu ta hanyar alamomin do, re, mi, wanda ya sa mai koyar da waƙa a ƙauye zai iya horar da mawaƙa ba tare da molon Turawa ko wani kayan kiɗa ba.

Waɗannan waƙoƙi suna da wata matsala da duk mai jin Hausa zai gane. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawan murya da saukarta suna sauya ma'ana, haka nan tsawon wasali. Kalmar da ake rubutawa "fari" tana iya zama launi ko ƙarancin ruwan sama, lafazi ne kawai yake rarrabewa. Karin waƙar da aka tsara don Turanci ko Jamusanci ba ya la'akari da wannan, sai ya ɗaga murya inda kalmar take son sauka, ko ya ja gaɓar da take gajera. Harshen Bachama da maƙwabtansa ma masu karin sauti ne. Jama'a sun saba da waƙoƙin, tsofaffi da yawa sun haddace su, amma kunne yana jin baƙuncinsu.

Iri na biyu, waƙoƙin da 'yan ƙasa suka ƙirƙira, shi ya cike wannan giɓi, kuma Zumuntar Mata ce ta fi ƙarfi a nan. Tsarinsu na bayarwa da amshi ne: mace ɗaya ta ba da waƙa, saura su karɓa. Karin yana bin lafazin kalmomi, shi ya sa saƙon yake fita sarai. Kayan kiɗan na gida ne: tulun ƙasa da ake bugun bakinsa ya ba da amo mai zurfi, gora mai duwatsu ko tsakiya, ƙuge da ganga. A zamanin farko, 'yan mishan a sassan Arewa da dama sun yi ɗari-ɗari da ganga saboda alaƙarta da bukukuwan addinin gargajiya. Sannu a hankali kiɗan gida ya samu shiga, har ya zama da wuya a yi sujada babu shi.

Abin da waƙoƙin suka ƙunsa ya wuce yabo. Akwai masu ba da labarin Yusufu, Ayuba ko ɗan da ya ɓace daga farko har ƙarshe, akwai masu gargaɗi a kan shaye-shaye, gulma da sakaci da tarbiyyar 'ya'ya. Ga wadda ba ta yi karatun boko ba, waƙar ita ce littafinta, kuma tana tafiya da ita gona da bakin rijiya. Ƙungiyar Sabon Rai, wadda ta fito daga yunƙurin bishara na Sabon Rai Don Kowa da aka fara a Jos cikin shekarun 1960, ita ma da irin wannan salo take waƙa.

Iri na uku na matasa ne, da jita, gangunan zamani da amsa-kuwwa, sau da yawa da Turanci haɗe da Hausa. Wasu dattawa suna ganin ƙarar na'ura tana danne muryar jama'a, ta mai da masu sujada 'yan kallo, abin da Luther ya yi ƙoƙarin kawarwa. Matasa kuma suna cewa idan ba a ba su fili ba, za su koma majami'un da ke ba su. Hanyar da aka fi bi ita ce a ba kowace ƙungiya lokacinta, shi ya sa sujadar takan ɗauki sa'o'i.

Batun harshe

Hausa ta zama harshen sujada na bai ɗaya ne saboda mabiyan sun fito daga ƙabilu masu yawa, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932. A garuruwa akan yi sujadar Turanci da ta Hausa dabam-dabam. Harsunan uwa kuwa sun fi samun wuri a cikin waƙa. Wannan yana da muhimmanci a yanzu da yara da yawa a birane suke tasowa ba sa jin harshen iyayensu sosai. Ga wasunsu, waƙar Lahadi tana cikin 'yan wuraren da suka rage da suke furta shi.

Zumunci bayan an tashi

Ƙungiyoyin majami'a suna haɗuwa a tsakiyar mako don koyon waƙa da nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma a nan ake sanin wanda ba shi da lafiya, wadda ta haihu da gidan da aka yi rashi. Zumuntar Mata, sanye da zanensu iri ɗaya, su ne suke kai gaisuwa, su dafa abinci a gidan makoki, su kwana suna waƙa tare da masu rashi. Zumuntar Maza da ƙungiyar matasa sukan ɗauki aikin gini da gyara. Yara suna da makarantar Lahadi da rundunonin samari da 'yan mata masu fareti. Bayan girbi akan yi godiyar kaka, manoma su kawo dawa, masara, shinkafa ko dabba, abin da aka tara ya shiga hidimar majami'a da taimakon mabuƙata.

Babban taron shekara-shekara, wanda aka fara a 1925, ana yin sa a Demsa kusa da Numan da rani. Dubban mutane suke taruwa na kwanaki, kuma a nan sababbin waƙoƙi suke yaɗuwa daga wannan yanki zuwa wancan.

Amfanin wannan tsari ya fito fili a lokutan wahala. A ƙarshen 2014, da mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi da wasu garuruwan arewacin Adamawa, an ƙona majami'u, jama'a Kirista da Musulmi suka yi gudun hijira zuwa Yola da wasu wurare. Yankin Numan kuma ya sha rikicin manoma da makiyaya, musamman a ƙarshen 2017. A irin waɗannan lokuta majami'u sun zama masauki da wurin rabon abinci. Shugabannin ikilisiyar, tun daga zamanin Windibiziri a shekarun 1990, sun kuma riƙa shirya tarukan tattaunawa da malaman Musulunci, domin a Adamawa ba abin mamaki ba ne a sami mabiya addinan biyu a cikin dangi ɗaya.