Inabin da talauci ya tsare

A ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai itacen inabi Kudancin Amurka, musamman don limaman coci su sami ruwan ibadarsu. Irin da suka kai, wanda ake kira País a Chile, ba ya zaɓen ƙasa, ko a fako aka dasa shi sai ya kama. Ya bazu har ya tsone wa manoman Sifaniya ido, Sarki Philip na Biyu ya hana sabon dashe a 1595. Amma Madrid ta yi nisa, aka ci gaba da dashe.

Darajar País ta fara zubewa a tsakiyar ƙarni na 19, da attajiran Santiago suka raja'a kan irin Faransa. Ba a jima ba ƙwaron filoksera mai cin saiwa ya afka wa gonakin Faransar, tun daga shekarun 1860, dole Turawa suka tumɓuke itatuwansu suka koma yi musu aure da saiwar Amurka. Ƙwaron bai shiga Chile ba, hamadar Atacama da duwatsun Andes da teku sun kange ta.

Su kuwa ƙananan manoman kwarin Maule da Itata ba su da kuɗin sauya iri. Haka suka yi ta huɗa da doki a tsakanin gajerun kututture, babu ban-ruwa, suna sayar da 'ya'yan a wulaƙance. Shi ya sa yau ake da itatuwan da suka haura shekara 100 a kan saiwarsu ta asali. Mu dai giya ba tamu ba ce, inabin da ake nomawa a Kudan kusa da Zariya ma na ci ne, amma manomin Mada da ya ƙi rabuwa da kaurar kakansa ya san zancen.

Tsohon itace ba ya cika kwando. Ɗan abin da ya bayar ne ke da ɗanɗano, kuma saiwarsa ta yi zurfin da shekarar fari ba ta cika gigita shi ba, don haka ingancin kakarsa bai faye hawa da sauka ba. Wannan ne ya dawo da masu saye tun wajen shekarun 2000, har kwalaben País suka shiga kantunan Landan. Manoman Itata kuwa har yanzu suna kukan farashin da manyan kamfanoni ke yanka musu a kan kilo.